Rumbu ya yi kaɗan, sai a zubar da hatsi?

Akwai wata hujja da masu buɗe cikin wasannin na'urorin hannu domin su fassara su suka daɗe suna fakewa da ita duk lokacin da aka tuhume su da gurguwar fassara: wai wuri ne babu. A datse jimla, a haɗiye wasula, a mayar da bankwanan uwa da ɗanta kalmomi uku busassu, in an yi magana sai a nuna kaset a ce laifinsa ne. Rabin wannan hujja gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari.

Ga rabin gaskiyar. Game Boy da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989 allonsa ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, kuma kowane harafi yana zaune cikin ɗaki mai ɗigo 8 kan 8. Ke nan layi ba ya ɗaukar fiye da haruffa 20, in aka cire gefunan akwatin magana saura 18. A rubutun Japananci kuwa alama guda gaɓa ce sukutum, don haka abin da ya faɗa da alama 5 sai Ingilishi ko Faransanci su nemi 10. Bugu da ƙari, kowace magana a cikin kaset tana da lamba mai nuna inda ta fara. Wanda ya tsawaita magana ɗaya bai gyara lambobin ba, sai ta hau kan ta gabanta, wasan ya rikice ko ya tsaya cik.

To daga nan ne malalaci da ma'aikaci ke raba hanya. Malalaci yakan auna tsawon maganar asali, ya dinga sassaƙe fassara har ta shige ramin da ya tarar. Ma'aikaci kuwa yakan kwashe rubutun ya kai shi fili, ya sake wa kowace magana lamba. Ya san cewa bayit guda, wato ma'aunin da ake ajiye harafi a cikinsa, yana iya bambanta alamomi 256, alhali haruffan boko manya da ƙanana har da lambobi da alamomin tsayawa ba su kai 100 ba. Sauran guraben sai ya raba wa tagwayen haruffa da kalmomin da suka fi yawan dawowa, rubutu ya tsuke ba tare da an taɓa ma'ana ba. Yakan kuma koya wa na'urar ta ba kowane harafi faɗin jikinsa, domin babu dalilin da siririn "i" zai cinye ɗaki daidai da "m". Duk wannan aiki ne mai cin rai, kuma gudun wahalarsa ce ake yi wa laƙabi da ƙarancin wuri.

Mai shakka ya dubi Mother 3. Wasan ya fito a Japan a 2006 a kan Game Boy Advance, cikin kaset mai megabayit 32, iyakar abin da na'urar ke iya karantawa, don haka ba a da halin ƙara wa rumbun girma. Wasu masu sha'awa, a ƙarƙashin jagorancin mai fassara Clyde Mandelin, suka shafe kusan shekara biyu suna warware yadda wasan ke zana rubutu suna sake ɗinke shi, har suka fitar da fassarar Ingilishi a watan Oktoba na 2008. Babu wanda ya biya su ko dala.

Za a ce ai taƙaitawa ado ce ga magana. Haka ne, kuma mai fassarar da ya iya zaɓen kalma gajera mai nauyi ya cancanci yabo. Sai dai taƙaitawa daban, guntulewa daban, kuma guntu ba ya tsirowa. A Pokémon Gold da Silver, da suka isa Amurka a shekara ta 2000, sunan dabba ba ya wuce haruffa 10, sai aka rubuta Feraligatr, aka jefar da wasalin ƙarshe. A 2013 aka ɗaga iyakar zuwa 12, amma sunan bai warke ba, domin yaran da suka girma da shi sun riga sun ɗauka haka yake.

Duk ranar da wani ya zauna juya irin waɗannan wasanni zuwa Hausa, abin da za a fara ba shi shawarar sadaukarwa shi ne lanƙwasar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, da sunan tsimin wuri, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Kafin ya yarda, ya yi lissafi. Guraben alamomin Japanancin da zai share sun ninka bukatarsa sau da yawa. Haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, zane 8 ne, kowane bai wuce bayit 16 ba, jimilla 128. Kaset mafi ƙanƙanta na Game Boy yana ɗauke da bayit 32,768.