Wai Malamin Jami'a Zaman Banza Yake Yi

A motar haya tsakanin Zariya da Kano na sake jin maganar. Wani bawan Allah a kujerar gaba, da alama ɗan kasuwa ne, ya gyara zama ya ce: "Ai malaman jami'a ba su san wahala ba. Mutum ya shiga aji awa biyu a mako, ya kaɗa babbar riga ya koma gida, wata ya yi a zuba masa albashi. In hutun ya ishe shi kuma ya tafi yajin aiki." Nan take mota ta ɗauka. Direba ya rantse cewa akwai wani Farfesa a unguwarsu da kullum yana gida. Ni ina can baya a takure, da ƙatuwar jaka a kan cinyata, cike da takardun jarrabawar ɗalibai 312. Ta'aziyya za ni, amma na ɗauko su don in rage da daddare, saboda ranar Litinin ake jiran maki. Ban ce uffan ba, don a mota mai ƙarfin murya ne ke da gaskiya.

Da maganar ta tsaya a tasha da teburin mai shayi, da ban ɓata tawadata a kanta ba. Matsalar ita ce ta hau bene ta shiga ofishin minista. A 2022, bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, gwamnati ta tsaya kai da fata a kan "ba aiki, ba biya". Da aka koma, sai aka biya malamai guntun albashin Oktoba, wai an ƙirga kwanakin da suka yi aiki ne, kamar leburan da aka ɗauka jidar yashi. Zangon karatun da aka rasa kuwa bai bi iska ba. Malaman nan ne suka dawo suka koyar da shi a gurguje, suka yi jarrabawa, suka duba, suka yaye ɗalibai. An ci tuwon, an hana mai tuƙi ladarsa. Sai a ƙarshen 2023 Shugaba Tinubu ya amince a saki albashin wata huɗu daga cikin wanda aka riƙe, shi ma da sunan alfarma.

Tushen kuskuren ɗaya ne: ana auna aikin malami da lokacin da aka gan shi tsaye gaban allo. Da wannan ma'auni, limamin Juma'a minti ashirin yake aiki a mako, mai ƙosai kuma ba ta surfe ba ta niƙa, suya kawai take yi.

Na riƙe shugabancin sashe shekara biyu a wata jami'a, kafin nan na yi shekara huɗu ina jami'in jarrabawa. Bari in ba da labarin wata Litinin, wadda ba ta fi sauran tsanani ba.

Ƙarfe bakwai da rabi na iso, na tarar da mutum shida a bakin ƙofa. Na farkonsu wani matashi ne da idonsa ya yi ja. Ya durƙusa ya ce, "Malam, don girman Allah, sunana bai fito ba a masu tafiya bautar ƙasa. An ce akwai kwas ɗin da ban da maki, kuma wallahi na zauna jarrabawar." Saura wata biyu ya cika shekara 30, kuma doka ta ce wanda ya haura 30 kafin kammala digiri takardar yafewa ake ba shi, ba ya shiga sansani. Malamin da ya koyar da kwas ɗin ya ajiye aiki ya tafi ƙasar waje tun bara. Ni da masinja muka buɗe sito. Ƙura ta turnuƙe, ɓeraye sun ci gefen wasu ƙullin, igiyar ledar da aka ɗaure su da ita ta riga ta ruɓe. Muka zube a ƙasa muna warware takardu ɗaya bayan ɗaya har kusan awa biyu. Da muka samo tasa, ashe lambar rajistarsa ce ya rubuta a gaggauce, bakwai ɗinsa ta yi kama da ɗaya, aka zuba makinsa a gidan da babu kowa. Ya ci 58. Sai dai ganin takardar ba shi ne ƙarshen zance ba. Dole in rubuta bayani, kwamitin sashe ya zauna, a kai kwamitin tsangaya, daga nan a jira zaman majalisar dattawan jami'a. Kowane mataki da takardarsa, kowace takarda da kwafi goma sha wani abu, firinta kuma tawadarta ta ƙare tun makon jiya. Daga aljihuna aka sayo.

Ƙarfe goma shugaban tsangaya ya kira taron gaggawa. Sha biyu ina da lacca, na isa ɗakin na tarar wani sashe ya riga mu shiga, don jadawali ya haɗa mu a wuri ɗaya. Muka koma wani ɗaki mai kujera 150 da ɗalibai fiye da 300, wasu a taga, wasu a ƙasa, ba wuta balle lasifika. Na fito murya ta dashe. Bayan azahar manyan malamai biyu, dukkansu sun koyar da ni, suka shigo suna cacar baki a kan wanda zai ɗauki kwas ɗin 'yan aji huɗu. Yaya za ka yi wa malaminka hukunci? "Ranka ya daɗe" na yi ta jerawa hagu da dama har wutar ta lafa. Suna fita wani dattijo ya yi sallama, ya taso tun daga ƙauye: "Allah ya gafarta Malam, yaron nan an ce an kore shi, ni kuma gona na sayar." Yaron ya yi shekara biyu yana karɓar kuɗin rajista ba ya shiga aji. Ni ne zan gaya wa uban. Da la'asar ɗalibar digiri na biyu, wadda ta kwana a mota da babi na uku na kundinta, tana zaune tana jira tun safe da goyo. A duk wannan rana, awa biyu ce kaɗai mutumin kujerar gaba zai lissafa mini.

Dubi duba jarrabawa kawai. Takarda 312, a ba kowace minti goma, wanda ma rowa ce ga amsar da ɗalibi ya yi awa uku yana rubutawa: awa 52 ke nan, a kwas ɗaya. Malami kan ɗauki uku ko huɗu, ban da kundayen 'yan ajin ƙarshe da na masu manyan digirori. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita da kanta ta ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 10 a likitanci. Wanda ya taɓa leƙa ajin 'yan shekarar farko a babbar jami'ar gwamnati ya san wannan lissafi a takarda ya tsaya. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya ƙirga malamai 37,504 a jami'o'in gwamnati, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai ke da digiri na uku. Ma'anar haka, 'yan ƙalilan ɗin da suka cancanci duba kundin dakta su ne kuma ake ɗora wa shugabancin sashe da kwamitoci da duk wata ɗawainiya. Tun daga lokacin an yi ta buɗe sababbin jami'o'i, kowane gwamna da sanata na son a ce ya kai ɗaya garinsu, alhali ba a ƙera malami a shekara biyu.

Sannan ga kakar tantance kwasa-kwasai. In tawagar NUC za ta zo, shugaban sashe ya yi sallama da barci. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin-gadi shekara biyu, in aka faɗi kuma a hana ɗaukar sababbin ɗalibai. Sai a tono fayil ɗin kowane malami, da tambayoyin jarrabawar shekaru, da rahoton masu duba na waje. Ba zan ɓoye ba, kowa a harkar ya san ana aron littattafai da kayan ɗakin gwaji, har da malamai, a yi wa sashe kwalliyar kwana uku. Abin kunya ne, kuma ban wanke mu ba. Amma wanda ya ari riga don baƙi, ai rashin riga ne ya sa shi. Da NUC ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen 2022, ta rubuta kashi 70 ta bar wa jami'o'i 30, wa aka zaunar ya tsara wannan 30 ɗin? Mutanen nan dai da ake cewa zaman banza suke yi.

Duk wannan ban taɓo ainihin abin da ya sa jami'a ta bambanta da sakandare ba, wato bincike. Farfesan da direba ke gani kullum a gida, wa ya leƙa ya ga abin da yake yi a ɗaki? Manomin da ke shuka masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA, gumin masu binciken Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Samaru yake girba. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka saki a 2019, shekaru aka kwashe ana gwajinsa a fili. Kazar Shika Brown daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fito. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, da littafin Hausa a Rubuce na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, babu wanda aka rubuta a gaban allo. Kuma malami ba ya samun ƙarin girma sai da abin da ya wallafa. Ko da ya koyar har ya suma, in ba maƙala, yana nan inda yake. Kuɗin buga maƙalar, da na zuwa taro, sau da yawa daga albashin da ake masa gori a kai suke fita. Lokacin da ASUU da gwamnati suka sa hannu a yarjejeniyar 2009 dala tana wajen naira 150. A 2024 ta haura 1,500. Littafin da ake saye da dala bai san an yi ƙarin albashi na kashi 35 ba.

Ni a shekara biyun da na yi ina shugabancin sashe maƙala ɗaya na kammala. Littafin da na fara kafin a ba ni kujera yana nan a babi na biyu. Wannan ita ce hasarar da ta fi ci mini rai, kuma a nan laifin namu ne. Mun mai da shugabancin sashe sarauta: ranar da aka naɗa mutum sai hotuna a Facebook da "Allah ya taya riƙo", har da walima. Mun ɗauki mutumin da aka kashe shekara goma sha biyar ana horar da shi ya yi nazari, mun zaunar da shi yana bin sawun tawada da dizal da makullin ɗakin lacca, aikin da ƙwararren ma'aikacin ofis zai fi shi iyawa. Masu kallon kujerar daga nesa kallon kitse suke wa rogo.

Za a ce, to, miyagun malaman fa? Akwai su, na zauna da su. Akwai mai tilasta sayen takardun laccarsa, akwai mai ƙulla kwantiragi da jami'a uku ba ya cika wa ko ɗaya, akwai wanda bai duba takarda sai ya yi ƙiyasi, akwai mai bin 'ya'yan mutane, wanda shi gidan yari ya dace da shi. ASUU ta fi kaifin baki a kan minista fiye da a kan irin waɗannan, kuma wannan ya rage mata ƙima a idon jama'a. Amma wa ke kama su? Shugaban sashen nan ne, in ya samu sarari, kuma in ya shirya jure gaba da kiraye-kirayen waya daga manya. Duk wanda ya yi wa malamai kuɗin goro, ragon ya taimaka wa, don ya ba shi inuwar fakewa. Ƙwararren kuma ya gaji ya nemi biza. Malamin da ya bar mana takardu a sito yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙwazo a sashen.

Masu cewa yajin aiki bai taɓa tsinana komai ba, su ɗaga kai su karanta sunan da ke jikin gine-ginen jami'ar da 'ya'yansu ke karatu. Asusun TETFund da sunansa ke rubuce ɓaro-ɓaro a bango ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ASUU, ƙarƙashin Attahiru Jega, ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992, wadda ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni. Yajin aiki yana cutar ɗalibai, wannan ba mai musu, na ga waɗanda digirin shekara huɗu ya kai su shida. Ba a dai faɗar rabin labarin ne kawai.

Da muka tsaya a Kwanar Dangora, zip ɗin jakata ya buɗe, takardu suka leƙo. Mutumin kujerar gaba ya waiwayo ya kalle su, ya kalle ni, murya ta sauya. "Af, Malam, ashe a jami'a kake? Allah ya gafarta Malam, ka yi haƙuri da surutunmu." Ya saya mini rake. Kafin mu shiga Kano ya matso da wayarsa, ya ce akwai 'yarsa da ta yi shekara biyu tana neman gurbi, ga kuma ƙanen matarsa da aka ce makinsa ya ɓata. Ya tambayi lokacin da ya fi dacewa ya kira ni, ko da daddare ne, tunda da rana, in ji shi, ya san muna da ayyuka.