Sharhi: Kafin sanarwa ta shiga WhatsApp, a nema mata gida

Kusan kowace safiya wayoyin ƴan jarida a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kan cika da hotunan takardu. Takarda ce da Faransanci, da hatimi da sa hannu a ƙasa, an ɗauke ta a karkace bisa tebur, wani lokaci har da inuwar hannun mai ɗaukar. Haka take yawo daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya fara sakinta. Ta wannan hanya ce ma'aikatu, ƙungiyoyin fararen hula da kamfanoni da dama ke fitar da sanarwarsu ga manema labarai, wadda aka fi sani da kominike. Hanya ce mai sauri, ba ta cin ko dala, kuma ita ce mafi rauni cikin duk hanyoyin da ake da su.

Rauninta a fili yake. Duk mai wayar zamani zai iya yanko hatimi daga wata takarda ya manna a kan wata cikin ƴan mintoci. Zai iya sauya kwanan wata, ko ya tono sanarwar bara ya sake ta kamar ta yau. Matasa masu neman aiki sun san zafin wannan, domin sanarwar ɗaukar ma'aikata ta bogi, wadda ke neman a tura kuɗin rajista zuwa wata lamba, da irin wannan kamanni take zuwa. Idan ma'aikatar da aka yi wa ƙarya ta tashi musantawa, sai ta fitar da wani hoton takarda, mai hatimi da sa hannu, ya bi sahun na farko. Mai karatu ya rasa wanne zai kama.

Akwai kuma batun shari'a. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekaru 5 ga wanda ya watsa bayanan da za su iya tayar da hankalin jama'a. Wanda ya ƙirƙiro takardar bogi sau da yawa ba a ganinsa. Wanda ake gani shi ne ɗan jarida ko mai shafin da ya wallafa ta da sunansa.

Saboda haka matakin farko shi ne sanarwa ta sami gida, wato wuri ɗaya tabbatacce na mai ita, inda kowa zai je ya duba ko da gaske daga can ta fito. Mafi inganci shi ne shafin intanet na ma'aikatar ko kamfanin, musamman mai adireshin da ya ƙare da .ne, alamar Nijar. A sa ta a rubuce yadda za a iya kwafa, da kwanan wata, da sunan jami'in da za a tuntuɓa. Duk abin da za a aika daga baya ya ɗauki mahaɗin da ke komawa can.

Ƙaramar ƙungiya da ba ta da ƙarfin riƙe shafin intanet tana iya dogaro da shafin Facebook guda ɗaya, ko tashar WhatsApp, wadda kamfanin ya ƙaddamar a 2023, inda mai tashar kaɗai ke sa saƙo, mabiya su karanta. Kalmar "guda ɗaya" ita ce mai nauyi a nan. Ba baƙon abu ba ne a iske ma'aikata tana da shafuka uku ko huɗu, domin duk lokacin da aka sauya jami'in sadarwa sai ya tafi da lambar sirri, magajinsa ya buɗe sabo. Shafin da aka yasar kuwa gona ce ga ɗan damfara. Ya kamata a tuna kuma cewa Facebook ba ya nuna kowane saƙo ga duk mabiyan shafi. Wallafawa a can ajiya ce, ba ta isa a ce an rarraba ba.

Rarrabawa tana farawa ne da jerin sunayen ƴan jarida. Kamfanin dillancin labarai na ƙasa ANP, jaridar Le Sahel, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, kafofi masu zaman kansu da wakilansu na jihohi, kowa yana da fannin da yake bi. Saƙon imel zuwa ga mutum goma da batun ya shafa ya fi watsa shi cikin zauruka hamsin. Mai amfani da jerin aikawa na WhatsApp ya sani cewa mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambarsa. Da yawa sun aika sun zauna jira, alhali rabin mutanen ba su ga komai ba.

A nan ne kuɗi ke shigowa, kuma gara a faɗi gaskiya. Kafa tana da ƴancin sayar da fili ga mai son a buga sanarwarsa yadda take, kamar yadda take sayar da filin talla, amma wajibi ne ta rubuta a sama cewa saƙo ne da aka biya. Abin da ke ɓata sana'ar shi ne a karɓi "kuɗin mota" a kwafe sanarwa kalma da kalma, a sa mata sunan wakili kamar rahoto ne da ya bincika.

Akwai kamfanonin duniya da sana'arsu ke nan, irin su PR Newswire da Business Wire na Amurka, da APO Group da ya fi mayar da hankali kan Afirka. Ana biyansu su aika sanarwa ga dubban kafofi, daga baya su kawo lissafin shafukan da suka ɗauka. Ga kamfanin da ke neman masu zuba jari a ƙetare, ko mai son abokan ciniki na waje su san albasar Galmi, kuɗin na iya biyan buƙata. Ga hukumar kiwon lafiya da ke son iyaye a Madarumfa su kai yara rigakafi ranar Litinin, asara ce kawai. Yawancin shafukan da ke cikin lissafin na'ura ce ta kwafa musu, kuma babu mai karanta su a ƙauyen da ake nufi. Shafukan da ke karɓar sanarwa kyauta ma ba su kai wannan ba.

Saura harshe. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma mafi yawan sanarwa har yanzu da Faransanci kaɗai take fita, a bar wa mai gabatar da shiri a rediyon karkara ya fassara a gaggauce kafin lokacin labarai. Kuskuren adadi ko na rana a irin wannan fassara ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Mai sanarwa ne ya kamata ya tanadi ta Hausa, da ta Zabarmanci ko wani harshe idan yankin ya buƙata, ya haɗa da saƙon murya na minti biyu da rediyo zai iya sawa kai tsaye. Mai maganar ya fara da faɗin sunansa, muƙaminsa da kwanan wata cikin muryar kanta, domin rubutun da ke rakiyar saƙo kan ɓace tun a turawa ta biyu, muryar ta ci gaba da yawo ita kaɗai.