KAFIN KA HAƊA KIFAYE A AKWATIN GILASHI

Wani ado ya shigo gidajen matasan ma'aikata a birnin Zariya, watau ajiye kifi a akwatin gilashi a ɗakin baƙi. Abin sha'awa ne, babu shakka. Sai dai da yawa daga cikin masu yin haka launi da siffa kaɗai suke dubawa, su zuba kowane iri wuri guda, sa'an nan su wayi gari akwatin ya rage kifi ɗaya mai ƙaton ciki. Ra'ayina shi ne, wanda bai san halin kifi ba, kada ya haɗa shi da wani.

Ƙa'idar farko ba ta da wuya: kifi mafarauci yakan haɗiye duk abin da zai iya shiga bakinsa. Ɗauki tarwaɗa. Da dare take farauta, tana lalube da gashin bakinta, kuma ba ta ƙyale ko 'yar uwarta. Shi ya sa masu kiwonta suke tantance 'ya'yan kifi a kai a kai, su ware waɗanda suka yi saurin girma. Tsage kuwa, da haƙoransa masu tsini, kifin buɗaɗɗen ruwa ne. Tsare shi a gilashi zalunci ne gare shi da maƙwabtansa. Minjirya tana sumar da abincinta da lantarkin jikinta, gaiwa kuma tana da mugun cizo, don haka kowaccensu zaman kaɗaici ya dace da ita. Hatta ƙarfasa, wadda tsiro ne yawancin abincinta, takan kori kowa daga wurinta lokacin ƙwai.

Wani zai ce ai idan an ƙosar da su za su zauna lafiya. Ƙoshi yana rage ɓarna, amma ba ya sauya hali. Ba a ba kura ajiyar nama don an ga ta ƙoshi. Bugu da ƙari, abinci mai yawa yana ruɓewa ya gurɓata ruwa, ya kashe wanda haƙori bai kashe ba.

Babban abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Idan kifi ya fi ƙarfin akwati, sai mai shi ya kai shi kududdufin unguwa, ko Kubanni, ko Galma, yana ganin ya yi alheri. To, a tuna da Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka zuba masa giwan ruwa, kifin da mu muka saba da shi a Kwara da Tafkin Chadi, amma a can baƙo ne. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ƙananan kifaye kimanin iri 200 suka ɓace. Idan tafki mafi girma a Afirka bai jure baƙon mafarauci ba, ina ga kududdufi?

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku saya, ku tambayi girman da kifin zai kai. Ku haɗa masu girma ɗaya, ku tanadar musu maɓoya, mafarauci kuma a ba shi akwatinsa. Kada ku ji kunyar tambayar masunta, domin sun san halin kifi tun kafin a kafa jami'a a Samaru a 1962. Rigakafi ya fi magani.