Baƙo Raɓa Ne: Wa Ya Kashe Dajin Falgore?

Mu da muka fito daga Falgore ta ƙasar Rogo, duk inda muka faɗi sunan garinmu sai a ce, "Af, dajin ɓarayin shanu?" Alhali dajin yana can ƙasar Doguwa da Tudun Wada. Haka tsoro yake, ba ya duba taswira. A 2014 cutar Ebola ta kama Gini da Saliyo da Laberiya, amma masu yawon buɗe ido suka guje wa Gambiya, inda ba a sami ko mutum ɗaya da ita ba. Kisan Faransawa huɗu a Muritaniya a 2007 ya sa aka soke tseren motocin Dakar na 2008, sannan aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka.

Mun yarda bala'i yana korar baƙi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mahukunta su fake da guzuma su harbi karsana. In an tambaye su me ya sa Falgore ba ta da baƙi, sai su kawo harin bama-baman Kano na Janairun 2012, ko annobar korona ta 2020. To, kafin 2012 ina baƙin suke? Gwamna Audu Bako ya gina madatsun Tiga da Bagauda da masaukan baƙi a gefensu. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, masaukinta kuwa daga baya ya koma makarantar lauyoyi. Dajin aka bar wa mafarauta da masu gawayi, har ta kai sojoji suka shiga atisaye a 2017. Wannan duk ba ambaliya ba ce, sakaci ne.

Ku dubi ƙasar Tailan: igiyar teku ta 2004 ta hallaka dubban mutane, har da Turawa 'yan yawon shaƙatawa, amma cikin 'yan shekaru baƙi suka koma, domin sun ga an gyara.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Jihar Kano ta ɗauki masu gadin daji daga ƙauyukan da ke kewaye da shi, ta biya su a kan kari, ta gyara hanyoyi, ta fara da baƙin gida: 'yan makaranta da ma'aikata. Dajin da ɗan Kano ke tsoron kwana a cikinsa, Bature ba zai biya kuɗin jirgi ya zo ba. Baƙo raɓa ne. Ɗan gida shi ne damina.