Maigadi Da Kuku Su Ma Ma'aikata Ne

Duk wanda ya san makarantun kwana na ƙasar Katagum ya san kafin malami ya ɗauki alli wasu sun riga sun ci rabin aikin yini. Kuku ya hura wuta tun asuba, mai shara ya share fili, maigadi kuwa ko runtsawa bai yi ba. Amma in aka zo zancen haƙƙin ma'aikatan ilmi, malamai kaɗai ake tunawa.

Alhali kuwa Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ake aiki da ita har yanzu, su ta fi shafa, domin masu aikin ƙarfi da na akawu ta ambata. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda kafin wata uku su wuce, mai bayyana irin aikinsa da albashinsa da sa'o'insa da hutunsa. Sashe na 11 ya hana korar ba-zata ba tare da babban laifi ba: wanda ya haura wata uku sai an ba shi sanarwar mako ɗaya, mai shekara biyu mako biyu, mai shekara biyar wata guda. Akwai kuma hutun kwana shida a shekara, da albashin jinya har na kwana goma sha biyu.

To, ina gizo ke saƙar? A takardar nan ne. Da yawa ana ɗaukarsu da fatar baki, a kira su 'yan wucin-gadi, ko da mutum ya yi furfura a bakin ƙofar makaranta. Ranar da sabon shugaba ya zo da nasa mutumin, sai a ce da tsohon Allah Ya ba da haƙuri. In ya nufi kotun ma'aikata, da me zai nuna an taɓa ɗaukarsa?

Batun albashi ma da sauran rina a kaba. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ƙananan makarantun kuɗi kuwa galibi ba su kai wannan adadi ba. Takardar ɗaukar aiki dai ba ta da irin wannan togiya.

Ƙungiyar NASU, wadda aka kafa a 1978 domin ma'aikatan makarantu da ba malamai ba, an fi jin amonta a jami'o'i. Ya kamata ta leƙa firamare da sakandare na Azare da ƙauyukanta. Sufetocin Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Bauchi kuma, da na Ƙaramar Hukumar Katagum, in sun je duba rajista da allo, su nemi a nuna musu takardar maigadi da ta kuku, wanda ba shi da ita a rubuta masa kafin su tashi.