Daga Maƙeran Gaya Zuwa Batirin Magnesiyam



Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, neman tama ne ya kai su Dutsen Dala. Ashe mu jikokin masu sanin ƙarfe ne. To me ya sa yau duniya ke rububin ƙarafan batir, alƙalumanmu kuma sun yi shiru?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Ajingi da Gaya ya san inda cinikinsa ke tafiya. Babur mai lantarki zai rage masa wannan nauyi, amma batirin ne ke sa shi tsada, kuma galibi na litiyam ne.

Shi ya sa masana suka waiwayi magnesiyam. Wannan ƙarfe yana da yawa a ƙasa da cikin ruwan teku, har a koren ganyen geronmu akwai shi. Kowace ƙwayarsa tana ɗaukar caji biyu, ta litiyam ɗaya. Kuma bai cika fitar da tsinin nan mai kama da allura da kan huda cikin batir ya jawo gobara ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. A 2000 Doron Aurbach da abokan aikinsa a Jami'ar Bar-Ilan ta Isra'ila suka nuna samfurin farko mai karɓar caji. Sama da shekara 20 ke nan bai shiga motocin kasuwa ba. Cajin nan biyu shi ke sa ƙwayar ta maƙale, tafiyarta a cikin batir ta yi nawa, ga wahalar samun ruwan batir da ya dace da shi.

Ga inda muka shigo. Idan ba mu rubuta wannan da Hausa ba, ranar da wani ya zo kasuwar Gaya da "batirin zamani" a kwali, da me ɗan acaɓa zai auna maganarsa kafin ya sayar da akuyarsa ya saya?

Wudil na nan kusa, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Mu je mu tambayi malaman sinadarai, mu ƙera kalmomi, mu faɗi abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba tukuna. Kada zumuɗi ya sa mu yi wa mutane alkawarin abin da ke ɗakin gwaji.

Aikin wannan mako: a layi biyar, mu bayyana wa kakarmu yadda batir ke riƙe wuta. Muna jira a ƙasa.