Shin Laifi Ne Kirista Ya Yi Kuka?

Akwai wata magana da akan gaya wa mai makoki a wajenmu, wadda ni ban yarda da ita ba. Da an ga hawaye a idon mutum, sai wani ya taso ya ce, "Haba, daina kuka mana! Ba Kirista ba ne kai? Ina bangaskiyarka?" Na san da kyakkyawar niyya suke faɗin haka, amma a ganina ƙara wa mutum kaya suke yi. Ga shi ya rasa nasa, ga shi kuma an sa shi yana jin kamar ya yi wa Allah laifi.

Duk wanda ya duba Littafi Mai Tsarki zai tarar bayin Allah sun yi kuka ƙwarai. Sa'ad da Musa ya rasu, kwana 30 Isra'ilawa suka yi suna makoki a filayen Mowab. Sarki Dawuda ya yi kukan Absalom, ɗan da ya tayar masa har ya sa shi gudu daga Urushalima. Amma abin da ya fi ratsa ni yana cikin Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana 4 a kabari kafin Yesu ya iso Betanya. Yesu ya riga ya san abin da zai yi, watau zai ta da shi a ranar nan. Duk da haka, da ya ga Maryamu da jama'a suna kuka, shi ma ya zub da hawaye a gaban kowa. To, wa zai ce Ubangiji ne ya rasa bangaskiya? Bulus ma, da ya rubuta wa mutanen Tasalonika, bai hana su baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne su yi shi irin na waɗanda ba su da bege.

Wannan bege shi ne ta'aziyyarmu. Mahaifiyata ta rasu bara, cikin zango na biyu. Da na komo makaranta, na yi makonni ba na iya haɗa ko kalma goma in na durƙusa zan yi addu'a. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa Almasihu ya mutu ya kuma tashi, saboda haka rabuwarmu da ita ba ta har abada ba ce. Wannan bai hana ni jin zafi ba. Har yau, in an kama waƙar da takan yi a Zumuntar Mata, sai murya ta ƙi fita. Amma daban ne kukan wanda ya raka matafiyi tasha da na wanda ya tabbata ba za a sake gamuwa ba.

Yanzu kuma gare mu, 'yan'uwana ɗalibai. In ɗayanmu ya dawo daga jana'iza, da yawa mukan kauce masa don ba mu san abin da za mu faɗa ba. Waɗansu kuwa, musamman masu ƙwazon wa'azi, sukan zo da ayoyi jere, har su yi ta bayyana dalilin da ya sa Allah ya ɗauki mutumin, kamar da su aka yi shawara. Mu tuna abokan Ayuba guda 3. Kwana 7 suka zauna a ƙasa tare da shi, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa sa'an nan suka ɓata abin, har Allah ya tsawata musu. Ni wanda ya fi taimakona wani ɗan ɗakinmu ne, Musulmi ne ma, wanda ya kwafe mini duk darussan da suka wuce ni, yakan kuma karɓo mini abinci ranar da na kasa zuwa ɗakin cin abinci. "Allah ya ba ka haƙuri" kaɗai ya taɓa ce mini.

Ina kuma da roƙo ga iyayenmu. Akwai al'adar ɓoye wa ɗan makarantar kwana labarin rasuwa sai an gama jarrabawa, wai don kada hankalinsa ya tashi. Na san wani a ajinmu da ya koma gida hutu da tsarabar kakarsa a jaka, ya tarar an binne ta wata biyu da suka wuce. Kowa a gidan ya riga ya share hawaye, shi kaɗai ya yi nasa makoki a bayan ɗaki. Jarrabawa ana iya sake ta, amma ba a binne mutum sau biyu. In hanya ta yi nisa, ko ba kuɗin mota, a aiko kawu ko fasto ya zo ya faɗa wa yaro baki da baki, ya yi addu'a tare da shi, a kuma nemi izinin shugaban makaranta a bar shi ya huta ko da kwana biyu ne.